Waiwaye: Yadda hanyar I-70 ta keta tsaunukan Colorado

A tsarin farko na manyan hanyoyin Amurka, lokacin da Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar gina su a 1956, hanyar I-70 a birnin Denver aka ce za ta tsaya. Daga iyakar Kansas zuwa can fili ne shimfiɗe, aikin ba wuya. Yamma da birnin kuwa tsaunukan Rocky ne suka tare gaba, mahukunta suka ga gara a bar kaza cikin gashinta. Gwamnan jihar Colorado na lokacin, Edwin Johnson, ya ƙi yarda, ya yi ta matsa lamba har aka amince a 1957 a zarce da hanyar zuwa jihar Utah.

Amincewa a takarda ba ta fasa dutse. Sai a 1968 aka fara huda tsaunin da ke kusa da mashigar Loveland, a tudun da ya haura mita 3,400. Rami na farko, mai sunan Eisenhower, an buɗe shi a 1973. Na biyu, da aka raɗa wa sunan Johnson, sai 1979. A wurin ne ma aka hana wata ma'aikaciya, Janet Bonnema, shiga ramin, wai shigar mace tana jawo tsautsayi. Ta kai ƙara, ranar da ta shiga a 1972 kuma wasu ma'aikata suka ajiye kayan aiki suka fice. Har yau tankokin mai ba sa bin ramin sai da wani dalili, ta saman tsauni suke zagayawa, ko da dusar ƙanƙara.

Kwazazzabon Glenwood ne ya fi cin rai. Kogin Colorado da layin dogo sun riga sun cinye wurin, masu kare muhalli kuma suka ce ba za a rushe duwatsun ba. Dole a wasu sassan wannan yanki mai tsawon kusan kilomita 20 aka ɗaga hannu ɗaya na titin sama da ɗayan, bisa ginshiƙai. Kuɗin ya kai dala miliyan 490, aka gama a Oktoban 1992, shekara 36 bayan dokar.

Duk da haka tsaunin bai saduda ba. Gobarar daji ta cinye bishiyoyin gefen kwazazzabon a 2020, damina ta gaba laka da duwatsu suka gangaro suka rufe titin sama da mako biyu, direbobin manyan motoci suna zagayen sa'o'i ta arewacin jihar.