Kafso ba maganin mura ba ne

Jama'a, tun muna yara a Kaduna muke jin cewa in mura ta kama mutum lokacin hunturu, kafso ja da baƙi ne maganinta. Gaskiya ƙwayar cutar da ake kira bairos ke kawo mura, su kuwa antibayotik irin wannan kafson wasu ƙwayoyin cuta daban da ake kira bakteriya suke kashewa, ita murar da kanta take tafiya cikin kwana 7 zuwa 10. Shan su barkatai yana sa ƙwayoyin cuta su saba har maganin ya daina ci, shi ya sa famasis (masanin magunguna) a asibiti ke bin diddigin wa aka rubuta wa, kuma na kwana nawa. Ku duba takardar cikin kwalin, ko ku tambayi famasis, in zazzaɓi ya ƙi sauka a je gwaji. Don Allah ku tura wa 'yan'uwa.