Jirgin nukiliya ba lallai ya ɗauki bam ba

Da yawanmu in muka ji an ce jirgin ƙarƙashin teku na nukiliya sai mu ɗauka bam ɗin nukiliya yake ɗauke da shi. Sunan ne ke ruɗarwa, injin ake nufi. Nautilus na Amurka, jirgin ƙarƙashin teku mai injin nukiliya na farko a duniya, da aka ƙaddamar a 1954, yuraniyom ne ke zafafa masa ruwa, tururi ya juya farfela, injin baya buƙatar iska shi yasa ranar 3 ga Agustan 1958 ya ratsa tsakiyar Arewacin duniya ta ƙarƙashin ƙanƙara, kusan kwana huɗu bai leƙo sama ba. In kana son tantancewa duba lambar jirgin Amurka, SSN na farautar jirage ne, SSBN ne mai makamai masu linzami na nukiliya. Nautilus SSN-571 ne. Dan Allah a tura wa ƴan uwa.