Toshewar bututun wankin ƙoda da gyaransa ba tare da babbar tiyata ba

Mene ne wannan bututu?

Injin wankin ƙoda yana jan jini mililita 300 zuwa 400 a minti guda, abin da ya fi ƙarfin jijiyar hannu ta yau da kullum. Idan jijiyoyin majiyyaci sun yi sirara ko sun lalace, likita yakan dasa bututu mai laushi na wani nau'in roba da ake kira PTFE a ƙarƙashin fata, ya haɗa jijiyar da ke kawo jini daga zuciya da wadda ke mayar da shi. Nan ake soka allurai, galibi sau uku a mako.

Me ke toshe shi?

Yawanci matsalar tana farawa ne a mahaɗarsa da jijiyar da ke mayar da jini, inda nama ke tsirowa ta ciki har hanya ta ƙuntace, gudun jini ya ragu, daga bisani ya daskare.

Yaya ake buɗe shi?

Bayan allurar kashe zafi, likita yana huda bututun, ya zuba ruwan da ke bayyana jijiya a hoton eksire, sannan ya zura siririyar waya mai balan-balan a kanta zuwa inda ya matse, ya hura shi har hanyar ta buɗe. Akan yi hakan idan ƙuntatar ta kai rabin faɗin jijiyar kuma alamu sun bayyana. In jini ya riga ya daskare, sai a narkar da gudan da magani irin alteplase ko a zuƙe shi, in kuma jijiyar ta ƙi zama a buɗe, a sanya mata ragar ƙarfe mai rufi. Galibi ana sallamar majiyyaci a ranar, ya ci gaba da wanki ta bututun, ya tsira daga tiyon da akan sanya a jijiyar wuya don wanki, mai yawan jawo ƙwayoyin cuta.

Shi ke nan an rabu da matsalar?

A'a, takan dawo cikin watanni, shi ya sa nake ganin yatsun majiyyaci sun fi kowace na'ura saurin gano ta. Ya riƙa taɓa bututun kullum: idan girgizar gudun jini da ya saba ji ta ragu ko ta ɗauke, ko hannu ya kumbura, ko jini ya daɗe bai tsaya ba bayan cire allura, ya sanar da ma'aikatan jinya nan take. Ja, zazzaɓi da mugunya kuwa alamun ƙwayoyin cuta ne, kuma wannan yakan buƙaci magani da tiyatar cire bututun.