Wane ne www-data, kuma me ya sa ake hana shi buɗe fayil?

Duk mai kula da sabar Linux da ke ɗauke da shafin intanet, ko ba daɗe ko ba jima zai ci karo da sunan www-data. Yawanci ga yadda ake fara saninsa: ka jona rumbun ajiyar ofis da sabar, ka shiga /mnt/takardu da kanka, ga fayiloli nan reras, ka buɗe wannan ka rufe wancan. Sai ka koma burauza, manhajar PHP da ka rubuta don ta nuna waɗannan takardu ta amsa maka da Permission denied, wato an hana ta shiga.

Dalilin shi ne ba da sunanka manhajar take aiki ba. www-data asusu ne na musamman da Debian da Ubuntu suka tanadar wa manhajojin da ke gudanar da shafin intanet, irin su Apache da Nginx da PHP-FPM, lambar shaidarsa 33. A Red Hat da Fedora da Rocky Linux sunan asusun apache ne, lambarsa 48. Idan Apache ya tashi, da ikon root, wato babban asusu mai cikakken iko, yake farawa don ya kama ƙofa ta 80, wadda baƙin shafi ke shigowa ta cikinta, daga nan sai ya miƙa aikin amsa wa baƙi ga wannan ƙaramin asusu. Da gangan aka rage masa iko, domin ko ɓarawo ya samu kafa ta cikin shafinka, iyakar abin da hannunsa zai kai shi ne abin da www-data yake iya taɓawa. Kamar ɗan aike ne: kai an san fuskarka a gidan, shi kuwa sai an faɗa wa mai gadi sunansa.

A faifan da ke cikin sabar, gyaran ba wuya. A rumbun da aka jono ta hanyar sadarwa ne abin ke rikita mutane, don masu gadin sun zama biyu.

Ɗauki rumbun Windows ko na Samba, wanda ake jonawa da CIFS, tsarin raba fayiloli irin na Windows. Sunan mai amfani da kalmar sirrin da ka bayar, can sabar ta nesa suke aiki. A nan gida kuwa, in ba ka faɗi mai fayilolin ba, Linux zai nuna su a matsayin mallakar root. Nan ne da yawa ke garzayawa su buga chmod 777, umarnin da ke ba kowa cikakken izini, su ga babu abin da ya canza, saboda a irin wannan jonin ana tsayar da izini ne tun lokacin jonawa. Wurin gyaran shi ne layin rumbun a cikin /etc/fstab, fayil ɗin da ke jera rumbunan da ake jonawa: ka ƙara uid=33,gid=33 tare da file_mode=0640 da dir_mode=0750, ka cire rumbun ka sake jona shi. Ni dai ina roƙon masu koyo su rabu da 777 ɗin nan ko a inda yake aiki, domin buɗe wa kowa ƙofar karantawa da rubutawa ne a kan takardun mutane.

NFS, wani tsarin jona rumbu ta hanyar sadarwa wanda kamfanin Sun Microsystems ya fito da shi a 1984, halinsa daban ne. A saitin da aka fi amfani da shi, lamba yake dubawa, ba suna ba. Idan manhajarka ta zo da lamba 33, amma a can rumbun fayilolin na mai lamba 1000 ne, baƙuwa ce kawai. Kuma zama root ba zai cece ka ba: akwai tsarin root_squash da ke mayar da root ɗin sabarka ya zama asusu marar iko mai suna nobody, mai lamba 65534. Dole lambobin su dace a ɓangarorin biyu, ko a sa su cikin rukuni guda.

Wani lokacin izini duk daidai, amma ƙofa na rufe. A dangin Red Hat, sau da yawa tsarin ƙarin tsaro mai suna SELinux ne ya tsaya, sai ka kunna httpd_use_cifs ko httpd_use_nfs da setsebool -P. A PHP, saitin open_basedir kan killace manhaja a wasu foldoji kaɗai. Rumbun da ka buɗe da linzami daga manhajar duba fayiloli ta GNOME yana zama ne a /run/user/1000/gvfs, naka ne kai kaɗai. Haka a Windows, harafin Z: da ka ɗora wa rumbu na zamanka ne, IIS, manhajar da ke gudanar da shafin intanet a Windows, ba ya ganinsa, sai ka ba shi cikakken adireshi irin \\sabar\takardu.

Kafin ka taɓa ko layi ɗaya na manhajar, ka shiga rigar ɗan aiken ka gwada: sudo -u www-data ls -l /mnt/takardu. In an hana shi a nan, laifin ba na PHP ba ne. Sai ka bi da namei -l da cikakken adireshin fayil ɗin, zai jero maka kowace folda daga tushe har ƙarshe da izininta. Wadda ba ta ba www-data alamar x ba, wato izinin shiga folda, a nan aka tare shi.