Gano Iyayen Tsiron Tulu Ruwa-biyu

Tsiron tulu, wanda masana ke kira Nepenthes, tsiro ne mai cin ƙwari. Ƙarshen ganyensa yana zama ɗan tulu mai murfi, da ruwa a ciki mai narkar da duk ƙwaron da ya faɗa. Akwai nau'o'insa fiye da 150, mafi yawansu a tsibiran Borneo da Sumatra da ƙasar Filifin, wasu kuma har Madagaska da Ostareliya.

Barbara tsakanin nau'o'in nan abu ne mai sauƙi. Kowane tushe ko dai namiji ne ko tamata, don haka dole ƙurar fure ta zo daga wani tushen. Ga shi kuma nau'o'in da aka bincika duk suna da kuromosom 80, wato zaren da ke ɗauke da halayen gado, shi ya sa 'ya'yan da aka samu sukan iya haihuwa su ma.

Mai neman iyaye yakan fara da wurin da tsiron ya fito. A daji, waɗanne nau'o'i ne ke kusa, kuma suna fure lokaci ɗaya? Daga nan sai siffa: fasalin tulun, faɗin leɓensa da haƙoransa, murfi da ramukan zumar da ke ƙarƙashinsa, gashi, da yadda ganye ya kama kara. Launi ne mafi yaudara, domin hasken rana yana sauya shi. Tulun ƙasa ma ya bambanta da na sama a tsiro guda, saboda haka tulu ɗaya ba ya isa hujja.

N. × hookeriana misali ne bayyananne (N. na nufin Nepenthes, alamar × kuma tana nuna ruwa-biyu ne). Ta ɗauko kumburarren ciki daga N. ampullaria, murfinta kuwa ya fi na wannan faɗi amma bai kai na N. rafflesiana ba, wadda ita ce ɗaya ɓangaren. A Dutsen Kinabalu na jihar Sabah da ke Borneo, mai tsayin mita 4,095, masanin tsirrai Shigeo Kurata ya raɗa wa N. × kinabaluensis suna a 1976. Iyayenta su ne N. rajah da N. villosa, kuma tana girma a yankin da suke haɗuwa.

A ɗakin bincike ana kwatanta sinadaran ganye da kuma DNA. DNA na kuloroplas, wato koren ɓangaren ƙwayar ganye, daga uwa yake zuwa, shi ke nuna wadda ta ɗauki iri. A al'adar masu barbara, sunan uwa ake fara rubutawa.

Ruwa-biyun lambu su suka fi wuyar ganowa. Tun da John Dominy ya fara haɗa su a gandun Veitch na Ingila wajen 1860, ake ta barbarar ruwa-biyu da ruwa-biyu, har tsiro ɗaya ya tara kakanni huɗu ko fiye. Idan takardar suna ta ɓace, sai dai hasashe. Yawancin abin da ake sayarwa da sunan N. alata a kasuwa, a gaskiya N. × ventrata ne, wato haɗin alata da N. ventricosa.