Inda Wutar Lantarki Take Fitowa da Abin da Ya Shafi Lafiyar Iyali

A aikina na duba-gari nakan shiga gidaje da dama a kowane mako, kuma abin da ya fi ɗaga mini hankali a 'yan shekarun nan shi ne janaretan da nake tararwa a cikin zaure, ko a lungu dab da tagar ɗakin kwana, an ɗaure shi da sarƙa saboda tsoron ɓarayi. Wannan ne ya sa na ga ya dace mu san hanyoyin da ake samar da wutar lantarki, domin kowace hanya tana da irin tasirinta ga lafiyarmu.

Mafi yawan wutar da ke zuwa mana ta waya a Nijeriya daga iskar gas take, wadda ake ƙonawa domin ta juya manyan injuna, kamar yadda ake yi a tashar Egbin ta jihar Legas. Sauran kuwa ƙarfin ruwa ne, daga madatsar Kainji da aka kammala a 1968 a kan Kogin Kwara, da ta Jebba, da kuma Shiroro da Zungeru a kan Kogin Kaduna. Wutar ruwa ba ta da hayaƙi, sai dai ruwan da ya kwanta a bayan madatsa yakan zama matattarar sauro da katantanwar da ke yaɗa tsargiya, shi ya sa muke jan kunnen mazauna bakin tafki game da wankan yara a ciki. A Nijar, kamfanin Sonichar yana ƙona kwal ɗin da ake haƙowa a yankin Agadas domin samar da wuta, sannan a 2023 an buɗe tashar hasken rana mai megawat 30 a Gorou Banda, kusa da Yamai.

Duk waɗannan tashoshi suna nesa da ɗakunanmu. Amma da zarar an ɗauke wuta maigida ya ja igiyar janareta, to, tashar ta dawo cikin gida ke nan, tare da hayaƙinta. A cikin hayaƙin akwai iska mai guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, kuma idan ta shiga jini takan hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita. Na taɓa zuwa wani gida inda uwa ta ce mini 'ya'yanta uku sun tashi da ciwon kai da jiri da amai, har ta sayo musu maganin zazzaɓin cizon sauro. Da na leƙa, sai ga bututun hayaƙin janareta yana fuskantar tagarsu, bangon wurin ya yi baƙi ƙirin. Allah ne ya kiyaye, domin mai barci ba ya jin waɗannan alamu, daga barcin yake wucewa.

Saboda haka a ajiye janareta a fili, aƙalla mita 6 daga kowace ƙofa ko taga, bututunsa yana kallon waje, kuma kada a zuba masa fetur sai an kashe shi ya huce. Idan mutanen ɗaki ɗaya suka kamu da ciwon kai a lokaci guda, a fitar da su sarari nan take, a kashe injin, a garzaya da su asibiti ko da sun ce sun ji sauƙi. Haka hukuncin yake ga kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu.

A ganina, duk wanda Allah ya hore masa, sola ta fi masa alheri, tunda rana ba ta yi mana rowa ba, kuma da ita firijin allurar rigakafi ke aiki a asibitocin karkara da yawa. Sai dai yawancin baturan da ake haɗawa da ita suna ɗauke da dalma da ruwan batir mai ƙuna, kuma dalma ce ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010. A ajiye batir inda iska ke ratsawa, nesa da hannun yara, idan kuma ya mutu a mayar wa dillalinsa, kada a bari a fasa shi a tsakar gida inda ake girki, jarirai suna rarrafe.