Hoton CT na zuciya: me yake canzawa ga mai ciwon ƙirji?

Wane irin ciwon ƙirji ake nufi?

Wanda ke tasowa idan mutum ya hau bene ko ya yi sauri, ya lafa cikin 'yan mintuna da ya huta. Yawanci kitse ne ya taru ya matse jijiyar da ke kai wa zuciya jini. Amma ciwon da ya taso mutum na zaune, da gumi, ya ƙi lafawa, wannan sai asibiti nan take.

Yaya ake ɗaukar hoton?

CT na'ura ce da ke ɗaukar hoton cikin jiki da hasken X-ray. Ana zuba ruwa mai sinadarin aidin ta jijiyar hannu, mutum ya riƙe numfashi na 'yan daƙiƙu. Sau da yawa a fara ba shi maganin da zai sassauta zuciyar zuwa bugu 60 a minti, don hoton ya fito tas.

Ai hoto ba magani ba ne. Ta yaya zai hana bugun zuciya, wato toshewar jijiyar zuciya farat ɗaya?

A binciken SCOT-HEART na Sikotlan an raba masu ciwon ƙirji 4,146 gida biyu, aka yi wa rukuni ɗaya hoton, ɗayan ba a yi masa ba. Sakamakon shekara biyar da aka fitar a 2018 ya nuna kashi 2.3 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa hoton sun samu bugun zuciya ko sun rasu da ciwon, a ɗaya rukunin kuwa kashi 3.9. Abin mamaki, yawan waɗanda aka yi wa aikin buɗe jijiya kusan ɗaya ne. Inda aka bambanta, likita ya ga kitsen da idonsa, ya fara ba da maganin rage kitse da asfirin da wuri. A ganina nan ne amfanin hoton yake, domin kitsen da bai kai ga toshe jijiya ba ma yana iya fashewa, kuma gwajin motsa jiki ba ya ganinsa.

Zai maye gurbin zura bututu zuwa zuciya don duba jijiyoyinta?

Ga masu yawa, e. A binciken DISCHARGE na Turai a 2022, manyan matsaloli sanadiyyar gwajin sun kai kashi 0.5 ga waɗanda aka fara da CT, kashi 1.9 ga waɗanda aka fara da bututu. Sai dai idan hoton ya nuna matsewa mai tsanani, ba za a tsallake bututun ba.

Wa bai dace da shi ba?

Mai juna biyu, da mai ciwon ƙoda da ya yi nisa, da wanda jikinsa ya taɓa ƙin ruwan aidin. Idan kuma jijiyoyin sun ƙandare da sinadarin kalsiyam, hoton kan nuna matsewar fiye da yadda take.